Minti Arba'in a Kan Benci

Ni ma'aikacin jinya ne a wani asibiti da ke cikin birnin Zariya, kuma a daminar da wannan abu ya faru ni ne a teburin awo. Duk wanda ya yanki kati sai ya biyo ta gabana kafin ya ga likita. In auna jininsa, in auna zafin jikinsa, in ɗora yaro a sikeli, in rubuta. Mutane suna ɗauka aikin cika kati ne kawai. Ainihin aikin kuwa shi ne in duba layi in gane wanda zai iya jira, da wanda in ya jira za a rasa shi. Tun a makaranta aka koya mana: yaron da ke jijjiga, ko ya kasa kama nono, ko yake amayar da duk abin da aka ba shi, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, wannan ba ya bin layi. Ka buɗe tafin hannunsa, ka ja fatar idonsa ƙasa. In ka ga fari fat, jini ya yi ƙasa ƙwarai. Duk dubawar ba ta cin minti ɗaya.

Watan Agusta ne, ruwa ya zauna. Kududdufan da kakanninmu suka haƙa suna ɗibar ƙasar gini duk sun cika, tun daga Kwarbai har Babban Dodo inda nake bi da babur kowace safiya. Najeriya ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya, mu kuwa rabonmu a kan benci muke ganinsa, mata da goyo tun ƙarfe bakwai.

Ranar wata Litinin ce wata mace ta fara zuwa, ta rako wani dattijo mai hawan jini. Mayafi ne ruwan toka a jikinta, maganarta a natse, Hausarta ba ta Zazzagawa ba ce, ta fi kama da ta mutanen Katsina. Ban san ta ba, ban taɓa ganinta a unguwa ko wurin biki ba. Na ɗaga kai sau ɗaya, na sake ɗagawa, kuma na biyun nan ba na aiki ba ne. Na ɗaura wa dattijon abin awo a juye, na kwance, na sake ɗaurawa, na sake aunawa, har ya tsorata ya ce, "Likita, jinin ne ya hau sosai?" Na ce a'a Baba, ba komai. Sai na juya gare ta da biro a hannu na ce, "Sunanki fa?" alhali katin yana gabana da sunan dattijon. Ta ce, "Ai Kawu ne ba lafiya, Malam." Na ji kunya ƙwarai. Da kunyar nan ta yi mini amfani, da labarin ya tsaya nan.

Bayan kwana uku ta dawo karɓar sakamakon gwaji. Na tashi daga teburina, na bar mutane zaune, na raka ta ɗakin gwajin da ake hangen allonsa daga inda muke tsaye. A hanya na kasa faɗin komai ban da "Ya jikin Baba?", kuma sau biyu na faɗa. Babbar sistarmu ta bi ni da ido, ba ta ce kome ba. Na gane kallon, na yi kamar ban gane ba.

Likita ya ba dattijon mako biyu ya dawo, ni kuwa na riƙe ranar a kaina. Da safen ranar na goge farar rigata sau biyu, na fesa turare, abin da ba na yi in zan shiga cikin marasa lafiya, don akwai masu asma da masu tashin zuciya. A lokacin ba ni da aure, kuma ba laifi ba ne namiji ya ga mace ta kwanta masa a rai. Hanyar a bayyane take a garinmu: ka tambayi gidansu, ka tura manya. Ni ban bi ta nan ba. Abin da ke hannuna shi ne layin asibiti, da shi na nemi burge ta, kuma layin ba nawa ba ne.

Wajen goma da kwata suka shigo. Akwai kati kusan ashirin a gabansu. Na miƙe na ce, "Baba, taho nan." Wata mata ta yi gunaguni, na ce mata dattijo ne, a girmama furfura. Kowa ya yi shiru, don hujjar tana da kyau a kunne. Na zaunar da shi na auna: 140 bisa 85, jini ya sauka, magani ya karɓe shi, babu abin gaggawa ko kaɗan. Amma na ja zance. Gishiri, dunƙulen miya, goro, tafiya bayan sallar asuba, ina yi wa dattijo bayani idona yana wani wuri. Na karɓi katinsa na kai wa likita da hannuna, na dawo na ci gaba da magana.

Ita ce ta katse ni. Ta ce, "Malam, don Allah ka fara duba yaron can. Tun da muka shigo ban ga ya motsa ba. Mu za mu jira."

Na juya. A ƙarshen benci wata yarinyar mata ce zaune, ta sauke goyo ta rungume a cinya, ƙafarta duk taɓo. Daga baya na ji daga wajen Dambo ta taho a bayan babur ɗin ƙanin mijinta. Kan yaron ya langaɓe baya, yana numfashi da sauri, mai zurfi.

Abin da ya fi mini wuyar faɗa shi ne na gan su tun farko. Lokacin da na miƙe zan kira dattijon, idona ya bi ta kansu, na ga yadda wuyan yaron ya saki. Na ce wa kaina barci yake yi. Ban je na taɓa shi ba, don in na taɓa shi dole in ɗauke shi in ruga ɗakin yara, in na ruga kuwa wani ne zai zauna a teburin ya auna Kawu. Ban tsara wannan lissafi da kalmomi a zuciyata ba, cikin ƙiftawar ido ya faru, amma na yi shi. Shekaru na yi ina gaya wa kaina ban lura ba ne. Ƙarya ne. Na lura, na zaɓi fassarar da ta yi mini daɗi. Kuma wadda ba ta taɓa shiga ajin jinya ba ita ta ga abin da ake biyana albashi in gani.

Na buɗe tafin hannunsa, fari kamar takarda. Na tambayi uwar, ta ce kwana huɗu yana zazzaɓi, jiya da dare ya yi jijjiga sau biyu, tun asuba ya ƙi nono. Na ce me ya sa ba ki yi magana ba? Ta ce, "Likita, an ce a bi layi." Lokacin da aka rubuta a katinta tara da hamsin ne. Agogon bango ya nuna goma da rabi.

Na sungume shi. Nauyinsa kilo 9, yana da shekara biyu. Gwaji ya nuna zazzaɓin cizon sauro, sukarin jininsa ya faɗi, awon jininsa kashi 12 cikin ɗari, alhali duk yaron da ya sauka ƙasa da 15 yana cikin haɗari. Aka ba shi ruwan sukari ta jijiya, aka yi masa allurar atesunet, miligiram 3 ga kowane kilo kamar yadda ake yi wa yaron da bai kai kilo 20 ba, za a maimaita bayan awa 12 da kuma awa 24. Jinin ƙanin uban ya dace, aka ɗiba aka ɗaura. Likita ya ce in bai farfaɗo ba zuwa la'asar za a tura shi asibitin koyarwa na Shika. Na tsaya riƙe da hannun da aka sa wa robar ƙarin jini, ina jin ƙamshin turaren da na fesa yana tashi daga rigata a kan fuskar yaron. Ban taɓa ƙin wani ƙamshi kamar wannan ba.

Da na koma teburi sun tafi, ita da kawunta. Ban sake ganinta ba. Sista ta kira ni ofis ta rufe ƙofa. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ajiye katin yaron da na dattijon a gabana, ta nuna lokacin da ke kan kowanne, ta ce in karanta mata. Na karanta. Ta ce daga gobe in riƙa zagaya benci kafin in zauna, da kuma duk bayan rabin awa, ina taɓa kowane goyo. Har yau haka nake yi, a duk asibitin da aka kai ni.

Yaron ya buɗe ido bayan azahar, ya kama nono da magariba. Kwana biyar suka yi aka sallame su. Ranar tafiyarsu uwar ta zo teburina da ƙwan zabi shida a ƙulle cikin leda, ta durƙusa ta ce, "Likita, kai ka ɗauke shi da gudu. Allah Ya saka maka da alheri, Ya raya naka." Na so in gaya mata ni na bar shi a bencin, bakina ya kasa. Na ce mata ta riƙe ƙwan ta dafa wa yaron, yana bukatar abin da zai mayar masa da jini. Ta ƙi, ta ajiye a kan teburin kusa da abin awo, ta gyara goyonta ta fita.