Ƙiba da Kwarjini

Duk ranar kasuwar Makarfi, idan na hangi wata dattijuwa kakkaura zaune gaban mazarƙwailarta, ta cika tabarma ta kuma cika ido, nakan tuna gwaggona, Allah ya jiƙanta, wadda a zamaninta ƙiba alama ce ta wadata da kwanciyar hankali, har iyaye kan yi hamdala idan amarya ta yi jiki a ɗakin mijinta. Yanzu kuwa sai ka ga budurwa tana jin kunyar tsayawa gaban mai hoto, domin finafinai sun cusa mata cewa kyau na siririya ne kaɗai.

A Amurka, tun 1969 aka kafa ƙungiyar neman a daina wulaƙanta masu ƙiba, kuma Fernando Botero, mai zane na ƙasar Kolombiya da ya rasu a 2023, ya ƙarar da rayuwarsa yana zana mutane masu jiki. Mu ma, maɗinkin babbar riga yakan ƙara yadi domin mai ita ya ƙara haiba.

Haƙiƙa lafiya amana ce da ya wajaba a kiyaye, amma malamanmu sun hore mu cewa wanda ya aibanta halitta ya yi rashin ladabi ga Mahalicci.