Kowace waƙa da hoton zamaninta

Masu sauraronmu na Magariya da Dungas, tun muna lise muka san zanen Delacroix na 1830, matar nan mai riƙe da tutar Faransa. Shiru yake abinsa cikin littafin tarihi. Kwanan nan muka kalle shi muna jin opera, wasan waƙar Turawa, na Auber, La Muette de Portici, wanda ya tada bore a Beljik a shekarar nan. Wallahi sai zanen ya yi magana.

Kunya ta kama mu. Jiya-jiya a shafin nan muka ɗora waƙar Ma'azu Ɗan Alalo kan hoton mota sabuwa fil. Don Allah, mai tsohon hoton Damagaram na zamaninsa cikin akwatin kaka ya turo mana, kafin gara ta riga mu.