Shefild, garin maƙera, inda sandar fam 2 ta ci kambun duniya

Tafiyar wajen awa 2 ce cikin jirgin ƙasa daga Landan zuwa Shefild, a arewacin Ingila. Gari ne mai tuddai wanda ya yi suna da wuƙaƙe da ƙarfe; a nan ne Harry Brearley ya gano ƙarfen da ba ya tsatsa a 1913. Manyan masana'antu da yawa sun rufe a shekarun 1980, amma sunan sana'ar bai ɓace ba. Gidan wasan kwaikwayon da aka buɗe tsakiyar gari a 1971, Crucible, ya ari sunansa daga tukunyar da ake narka ƙarfe a cikinta.

Zauren ba shi da girma, kujerunsa ba su cika 1000 ba. Duk da haka, tun 1977 nan ake gasar duniya ta sunuka, ɗan uwan wasan da ake ce ma «billard» da faransanci. Kwana 17 ake yi. Ƴan kallo na zaune dab da tebur, shiru kamar an yi ruwa an ɗauke, har mutum na jin ƙarar alli sa'ad da ɗan wasa ke goga shi a bakin sanda.

Sandar kuwa abin kallo ce. Tsawonta ya kusa mita ɗaya da rabi, bakinta fata ce, gindinta sau da yawa baƙin icce ne mai nauyi, dangin kanyar da aka sani a karkararmu. Masassaƙa irin su John Parris na Landan suna yin ta da hannu, kuma mai so sai ya yi jira, ya biya ɗaruruwan fam. Ɗan kasuwa zai ce: kaya mai tsada shi ne mai kyau. Tarihin wannan zaure bai ba shi gaskiya duka ba.

A wasan ƙarshe na 1997, Stephen Hendry, mutumin Sikotlan, ya shigo da kambu 5 a jere, daga 1992 zuwa 1996, bayan na 1990. Sandar da ya ci su da ita fam 40 aka saye ta yana yaro. Abokin karawarsa, Ken Doherty na Ailan, tasa ta fi arha: wani ne ya bar ta a gidan wasa na Jason's da ke Dublin, shi kuma ya saye ta fam 2, abin da a canjin yau bai kai jikka 2 ba. An ce ma ba ta miƙe sosai ba. Doherty ya yi rinjaye 18 da 12, ya tafi gida da fam 210.000.

Ke nan sanda ba kome ba ce? A yi hattara. A 1990 an sace ta Hendry a wani otel na garin Reading. Sai da aka sa ladan fam 10.000 kafin ta dawo. Ba wanda ke biyan wannan kuɗi don icce kawai. Dalili shi ne kowace sanda da halinta: nauyinta, lanƙwasarta, da yadda take karkatar da farar ƙwallo idan an buge ta a gefe. Hannun da ya shekara 20 da sanda guda ya haddace waɗannan duka, ba ya sake lissafi. Abin da Hendry ke tsoron rasawa shi ne wannan sabo, wanda babu kantin da ke sayar da shi. A 2003 sandar ta karye cikin kayan jirgin sama yana dawowa daga Tailan. Ya ci wasu gasa bayan haka, amma kambun duniya na 8 bai samu ba; sai dai a tuna cewa na 7 tun 1999 ne, sanda na nan lafiya shekaru 4 ba ta ƙara masa ko ɗaya ba.

John Spencer ma ya ga irin wannan rana. Tsohuwar sandarsa, wadda ya ci kambu 2 da ita, ta farfashe a haɗarin mota a 1974. Daga bisani ya koma ga wata mai gaɓa biyu da ake ɗaurawa, irin wadda manya ba su cika yarda da ita ba a lokacin. Da ita ya doke Cliff Thorburn 25 da 21 a 1977, shekarar farko da gasar ta sauka Shefild.