Gyaran Birni Bai Tsaya A Bakin Badala Ba

 Yau ina so mu yi magana a kan gyaran birnin Kano. Na san wata za ta ce, "Mu da muke ƙauye, ina ruwanmu da shirin da hukuma ke yi wa birni?" To, 'yar'uwa, ruwanki ne ƙwarai, gama birni da karkarar da ke kewaye da shi tun fil azal tukunya guda suke ci.

Ni a ƙasar Minjibir aka haife ni, inda gona ke manne da gona, ba a barin ƙasa ta huta ko shekara guda. Kin taɓa tambayar abin da ya sa ƙasar nan ba ta gaji ba? Amsar ita ce taki. Kakata takan ba mu labarin yadda mazansu ke kora jakuna tun asuba, ɗauke da itacen wuta da hatsi zuwa birni, da yamma su komo da mangaloli cike da toka da shara da kashin dabbobi. Da rani a jibge a gona, damina na faɗuwa ƙasa ta sha. Wani Baturen Ingila, Michael Mortimore, ya yi binciken wannan al'amari tun shekarun 1960, har ya nuna wa duniya cewa manoman kewayen Kano suna noma ƙasa guda shekara da shekaru ba tare da sun kashe ta ba. Watau jujin birni shi ne abincin gonarmu, gonarmu kuwa ita ce rumbun birni.

Shirin gyaran Kano ba yau aka fara shi ba. Wani masanin tsara gari, Trevallion, ya zana wa Kano shiri na shekara 20, daga 1963 zuwa 1983, inda ya nuna wuraren gidaje da hanyoyi da masana'antu. Amma jama'a ta yi ta ƙaruwa fiye da yadda aka ƙiyasta, musamman bayan da Kano ta zama jiha a 1967. Da aka kawar da mulkin En'e a 1976 sai ƙananan hukumomi suka gaje ta. Yanzu birnin ya mamaye takwas daga cikin 44 na jihar, har da Ungogo, wadda iyayenmu suka sani ƙauye ce mai gonaki. Akwai hukumar tsara birane da ake kira KNUPDA, akwai kuma ta kwashe shara, REMASAB. Hukumomi kam ba su yi kaɗan ba. Abin dubawa shi ne, in sun zauna shawara, suna tunawa da mu?

Ga misali. Kogin Jakara yana tasowa daga cikin birni, ya bi kusa da kasuwar Kurmi wadda Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa, ya ratsa Fagge, ya kwashi ruwan kwatocin gidaje. Can gaba rafin Getsi ya same shi da ruwan majemu da masana'antun Bompai, sa'an nan duka su gangaro madatsar Wasai da ke ƙasarmu. A zamanin gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta 2011 zuwa 2015 aka fara aikin rufe Jakara a cikin gari, a shimfiɗa titi a kansa. Mutanen unguwannin nan suna da hakkin su huta da wari da sauro, babu mai musu. Amma rufe ruwa ba ya tsabtace shi. Da wannan ruwa ake ban ruwan latas da alayyafo da karas a lambunan bakin kogin, kayan lambun kuma su koma kasuwannin birni. Kin ga ke nan abin da aka ɓoye a ƙarƙashin titi ya dawo cikin kwanon miya.

Haka kuma sha'anin shara. Takin da ake kawowa yanzu ba irin na zamanin kakata ba ne. Cike yake da leda da fasassun kwalabe da batura. Leda ba ta ruɓewa, tana hana ruwa shiga ƙasa, akuya kuwa in ta haɗiye ta sai ta yi ta ramewa har ta mutu. Matar ƙauye ta san akuyar nan ita ce asusunta na ranar biki da ranar ciwo.

Sai kuma kududdufai. Iyaye sun haƙa su ne wajen ɗiban ƙasar gini, suka zama matattarar ruwan sama. Da aka yi ta cike su ana gini a kai, ruwa ya rasa masauki, sai ya shiga ɗakunan mutane. Mu ma a nan masu awon igiya sun iso, suna yanka gonaki ba hanya ba magudana, ana sare gawo da ɗorawa da kuka. Kuɗin gona kan ƙare cikin shekara, gona kuwa takan ciyar da jikoki.

To, mene ne namu a ciki? Da fari, uwargida, ki ware shararki. Toka da ɓawo da kashin awaki wuri guda, leda da kwalba wuri dabam. Wannan aiki a tsakar gida yake farawa, kuma a hannunmu yake. Na biyu, in kina da gadon gona ko gayauna, kada ki yi gaggawar sayarwa, ki nemi shawarar manya. In sayarwar ta zama tilas, ki tambaya ko an fitar da hanya da magudanar ruwa. Na uku, ku haɗa kai a ƙungiyoyinku na adashe da makarantun Islamiyya, ku aika wa mai unguwa da dagaci da kansila tambaya uku: ina ruwan zai bi, ina sharar za ta, itace nawa za a dasa? Tambaya cikin ladabi ba rashin kunya ba ce.

Ku kuma 'yan makaranta, ku dage da lissafi da labarin ƙasa. Ana koyar da ilmin tsara birane a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ba a kuwa ce na maza ne kaɗai ba. Wadda ta san nisan rijiya da wahalar itacen girki, in ta riƙe alƙalamin zana taswirar gari, ba za ta manta da su ba.

Allah shi ba shugabanninmu ikon yin gyara mai ɗorewa, shi albarkaci birni da ƙauye baki ɗaya, amin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.