Neman Ruwa a Ƙasar Duwatsu: Daga Kwatarkwashi Zuwa Bakalori

Wani abokina Bayawuri da aiki ya kawo shi Gusau ne ya jefa ni cikin wannan tafiya. Mutum ne da ya tashi a bakin Kwara, ya iya tuƙa kwalekwale tun kafin ya iya hawan keke. Ya shigo Zamfara ta hanyar Funtuwa, ya wuce duwatsun Tsafe, ya ga Dutsen Kwatarkwashi ya tokare sama, sai ya ce mini: "Malam, ƙasarku akwai kwarjini, amma ina kuke ajiye ruwanku? A ina mutum zai shiga jirgi mai inji ya jefa ƙugiya?" Ni ɗan Nahuce ne, a ƙasar Bunguɗu aka yanke cibiyata, kuma na yi zaton na san jiharmu ciki da bai. Da na buɗe baki in ba shi amsa, sai na tarar sunayen wurare kawai nake da su, rabona da ganin yawancinsu an yi shekaru. Muka sa rana.

Mun fara da abin da ke kusa, wato madatsar ruwan Gusau da ke kan Gulbin Sakkwato. Wannan gulbi yana tasowa daga wajajen Funtuwa, ya ratsa Gusau da Bunguɗu, ya nufi yamma har ya sadu da Rima kusa da birnin Sakkwato. Gulbi ne na damina: a watan Agusta sai ya cika ya batse, da bazara kuwa yara su yi ƙwallo a kan yashinsa. Madatsar Gusau an yi ta ne domin shayar da birni, kuma haka muka same ta. Akwai matasa masu jefa birgi, akwai masu fatsa a gefe suna samun ƙananan karfasa, amma laka da rairayi sun ci zurfinta. Abokina ya dube ta, ya girgiza kai, ya ce farfelar inji za ta fi tono taɓo a kan yanka ruwa.

Kashegari da hantsi, domin yanzu ba mai hankalin da zai kama hanyar nan da asuba ko da almuru, muka bi titin Sakkwato. Muka wuce Bunguɗu, muka wuce Maru, muka isa Talatar Mafara, daga nan muka karkata zuwa Bakalori. Gani ya kori ji. Ruwa ne shimfiɗe iyakar ganin ido, ya kai kimanin kadada 8,000, an kuma tsara shi ya riƙe ruwa mita cubic miliyan 450. A 1978 aka kammala ginin madatsar, wani kamfanin Italiya ne ya yi aikin, da nufin noman rani a fadamun Mafara, Bakura da Maradun. A nan ne na ga fuskar abokina ta saki.

Ba ya yiwuwa ɗan Zamfara ya tsaya a bakin wannan ruwa bai tuna abin da ke ƙarƙashinsa ba. Gonaki da garuruwa ne ruwan ya shafe, dubban mutane aka tasa, kuma rikicin diyya ya kai ga manoma sun tare hanyoyin aikin. A watan Afrilun 1980 aka tura 'yan sanda, aka yi asarar rayuka masu yawa, sunan Birnin Tudu ya shiga tarihi ta hanyar da ba wanda ya so. Ruwan da aka saya da irin wannan tsada bai cancanci a bar shi yana amfani da rabin ƙarfinsa ba.

A mashigar jirage muka sami wani dattijo masunci yana ɗinkin kalli. Muka gaisa, na ce: "Baba, ko za mu samu mai zagayawa da mu?" Ya ce: "Ɗana, jirgi akwai, man inji ne da tsada. In kun saya, yarona ya kai ku." Muka saya. Jirgin katako ne da aka ɗaura wa ƙaramin inji a baya, kuma babu rigar kariya daga nutsewa ko ɗaya a cikinsa. Abokina, ɗan ruwa, bai damu ba. Ni kuwa na riƙe katako da hannu biyu ina ta salati a zuci. Na tuna jirgin da ya kife da manoma a yankin Gummi a watan Satumban 2024, inda mutane da dama suka rasu a hanyarsu ta zuwa gona.

Da muka yi nisa, yaron ya kashe inji. Abokina ya jefa ƙugiya, bayan kamar rabin sa'a ya fito da tarwaɗa guda, sannan kurungu biyu. Ya yi murna kamar wanda ya kama giwan ruwa a Argungu. Yaron ya nuna mana wata gaɓa daga nesa, ya ce can kifi ya fi yawa, amma sun daina kwana a can saboda mutanen daji. Da muka dawo, dattijon ya ƙara mana bayani. Ya ce a da masunta kan bi umarnin Sarkin Ruwa, su ɗaga wa kifi ƙafa lokacin da yake ƙwai. Yanzu kowa ya takure a ɗan wurin da ke da aminci, ana zuba raga mai ƙananan idanu tana kwashe har 'ya'yan kifi. Wanda ya ci iri, me zai shuka baɗi?

Akwai wurare biyu da na yi wa abokina alkawari amma ban cika ba. Tafkin Natu na ƙasar Bakura lokaci ne ya ƙure mana. Tafkin Kalale na Ɗangulbi, wanda ya yi suna da dorinai, shi kuwa duk wanda muka tuntuɓa ya ce mu haƙura da hanyarsa a yanzu. Yaranmu da aka haifa bayan ƙirƙiro jihar a 1996, da yawansu a hoton waya kawai suka san dorina, alhali tana cikin jiharsu.

Ba na cikin masu mafarkin a mayar da Bakalori wurin shaƙatawar attajirai yayin da manomi ba ya iya zuwa gonarsa. Tsaro shi ne farko, kowa ya san haka. Amma akwai abubuwan da ba sai an jira ba. Yashe madatsar Gusau buƙatar ruwan sha ce kafin ta zama ta masu jirgi. Rigunan kariya a kowace mashiga, da ƙayyade yawan mutanen da jirgi zai ɗauka, ba su kai kuɗin bikin ƙaddamarwa guda ba. Hana raga mai ƙananan idanu da ware watannin hutun kifi aiki ne da hukuma za ta iya yi tare da sarakunan ruwa, domin su ne masunta ke jin maganarsu. Ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau kuma suna da fagen bincike a nan: a ƙirga nau'o'in kifin da suka rage, a auna lakar da ta taru, a rubuta tarihin garuruwan da ruwa ya ci daga bakin tsofaffin da suka gani tun suna raye.

Mun baro Mafara da la'asar sakaliya muna sauri kada rana ta faɗi mana a hanya. A Nahuce muka yada zango, gwaggona ta yi mana farfesun tarwaɗar nan, ta tambaye mu inda muka samo ta. Da na ce Bakalori, sai ta ce rabonta da can tun tana amarya, lokacin da aka kwashe su a mota don su ga ruwan da aka tare. Ta ce in hanya ta yi kyau in kai ta. Na amsa mata da in sha Allahu, kuma Allah Ya nuna mana ranar.