Kwalbar da Umma ta tsinta a jakata

1/ Akwai ranar da Umma ta tsinci kwalbar giya a jakata. Ban taɓa sha ba, har yau ɗin nan. Amma kwana uku cur Baba bai amsa gaisuwata ba. Ku gyara zama, zaren da ɗan tsawo.

2/ Mu 'yan turare ne. Baba yana da shago a kasuwar Sabon Gari har gobarar 2016 ta lashe shi tas. Daga nan muka dawo wani ɗan lungu a Fagge, kusa da Kantin Kwari. Umma tana dafa turaren wuta da humra a gida, ni kuma ina haɗa na mai, wanda babu sinadarin barasa a ciki, ina tallatawa a WhatsApp.

3/ Ga waɗanda ba 'yan Kano ba: Sabon Gari a cikin ƙaramar hukumar Fagge take, da ƙafa ma za ka je. Sai dai akwai layukan da in aka ga ɗan Fagge bayan magariba, labari zai riga shi isa gida. Tun 2000 ake Shari'a a jihar nan, Hisbah tana farfasa kwalabe a bainar jama'a, kuma kowa ya san inda ake sayarwa.

4/ Wata Laraba wani dattijo ya shigo. Ibo ne haifaffen Sabon Gari, Hausarsa ta fi tawa karin magana. Ya shinshina kwalabe sun kai goma yana girgiza kai. Can ya ce, "Ɗana, akwai ƙamshin da nake nema, amma kada ka tsorata."

Ya yi shekaru a jihar Kentucky ta Amurka yana mirgina gangunan wiski a rumbun ajiya. Bayan ya dawo likita ya duba hantarsa ya ce ko ya bari ko a binne shi. Shekara huɗu ke nan bai kurɓa ba. "Ba sha nake so ba," in ji shi. "Wurin aikina nake kewa."

5/ Na ce, "Baba, ni ko warinta ban sani ba." Washegari sai ga shi da kwalba a leda baƙa. Babu ko ɗigo a ciki, ta bushe tun tuni, an rubuta bourbon a jikinta. Ya ajiye kuɗin da za su biya hayar shago ta wata uku. A lokacin mai shago ya riga ya aiko sau biyu.

Na karɓa. Ba zan yi muku ƙaryar cewa na yi dogon tunani ba.

6/ Na buɗe murfin ina jiran ɗoyi irin na kwatar bayan mashaya. Wallahi abin da ya bugi hancina ya ba ni haushi, saboda na san shi. Banila. Sukarin da ya fara ƙonewa a tukunya. Ɗan kwakwa-kwakwa. Can ƙasa kuma hayaƙin ice, kamar an kashe murhu da asuba.

7/ Dattijon ya zauna a benci ya warware mini. A dokar Amurka, kafin a kira wiski bourbon dole masara ta kai kashi 51 cikin 100 na hatsin da aka dafa, kuma dole a zuba shi a sabuwar gangar icen oak wadda aka babbake cikinta da wuta. A 1964 majalisarsu ta ayyana shi a matsayin kayan ƙasarsu na musamman.

Ruwan fari fat yake shiga gangar. Jan nan duk na ice ne. Da zafi katakon ya tsotse shi, da sanyi ya amayo shi, shekara da shekaru. Wutar da aka babbake icen da ita ce take narkar da zaƙin da ke cikinsa, ta fito da ƙamshin banila, har da sinadarin nan da ke cikin kanumfari. Ganga ɗaya, amfani ɗaya. Bayan nan sai su sayar wa 'yan Scotland.

8/ Wai wanda ya tsere ta jikin katako ya bi iska, sunansa rabon mala'iku. Na ce a'uzubillahi, mala'ikun wa? Ya yi dariya har da tari. Ya ce ai wannan iskar ce ya shaƙa kullum, ita yake nema.

9/ Akwai kuma ɗan'uwansa, na wani hatsi da suke kira rye. Kamar "rai" ake furtawa, ba dai ran da ake zarewa ba. Shi ma kashi 51 ne dokarsa. Ya ce na masara kamar kunun gyaɗa ne, yana lallaɓa ka. Na rye kuwa kunun kanwa da aka cika wa kayan yaji: masoro, kanumfari, ɗan ɗaci mai kama maƙogwaro. Shi tsakiyarsu yake so.

10/ To, sai na yi wauta. Na jefa kwalbar a jaka don in ci gaba da gwaji a gida. Umma ta je neman cajar waya.

Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi. Ta ajiye ta a tsakar gida kan tabarma, ta zauna tana kallona, hawaye na zuba. Baba ya dawo daga masallaci ya gani. Kalma ɗaya ya faɗa: "Madalla." Ya shige ɗaki.

11/ Na yi rantsuwa har na gaji. Matsalar ita ce duk mashayi ma haka yake rantsuwa. Ƙanwata ta daina zama kusa da ni. Kuma a lokacin ana maganar kai kuɗin aurena, a unguwar da katanga ma kunne gare ta.

12/ Rana ta uku Umma tana dafa turaren wuta. Wanda bai taɓa gani ba: sukari ake narkarwa har ya yi ja, a zuba gutsattsarin icen sandal, a bi da turaruka ana juyawa. Na tsaya a bakin madafa kamar an dasa ni. Na ce, "Umma, don girman Allah ki shinshina murfin nan sau ɗaya, sannan ki shinshina tukunyarki."

Ta harare ni. Ta ɗauka da bakin zani kamar mushe. Ta kai hanci. Ta daɗe.

"Wannan ai ƙonannen sukari ne da ice," ta ce. "Sun dai cika banila."

13/ Ita ta shiga wurin Baba. Ban san me ta faɗa masa ba. Da daddare ya kira ni ya ce abu biyu. Kwalbar ta bar masa gida kafin asuba. Kuma duk abin da zan haɗa, kada sunan giya ya hau kwalbar da ta fito daga shagonsa. Sai ya ƙara da tambayar da har yanzu take cina: "Mutumin da ya tuba, kai za ka riƙa tuna masa?"

Na ce shi ya nema. Ya ce, "Mai ciwon sukari ma yana neman alewa."

14/ Duk da haka bai hana ni ba, haya ce a gabanmu. Ni da Umma muka haɗa: banila, sandal, ambar, kanumfari kaɗan, ɗigon masoro, da man da muka turara da hayaƙin tukunyarta. Sau shida muna zubarwa. Na bakwai dattijon ya shafa a bayan hannu, ya rufe ido, ya yi shiru har na fara jin kunya. Ya ce saura warin ƙura da tsohon katako, amma ya isa.

15/ Mun sa masa suna Ƙonannen Ice. Abin dariya, yanzu amare ne suka fi saye, har da wadda aka kai kuɗin nawa gidansu. Ita ta san labarin. Babarta ba ta sani ba, don Allah kada wanda ya tura mata zaren nan.

16/ Dattijon kuwa duk bayan wata biyu yake zuwa ya karɓi kwalba ɗaya, ya zauna a bencin nan ya ba ni labarin sanyin Kentucky. Wannan karon wata uku ke nan ban gan shi ba. Na kira sau biyu, a kashe. Kwalbarsa tana nan a ƙasan kanta na ware masa. Jiya Baba da kansa ya tambaye ni ko na san layin da gidansa yake.