Zaren Tsamiya da Matan da Suka Kaɗa Shi

Tumakin ƙasar Hausa, da uda da balami da 'yan ƙasa, ba su da ulu. Gashinsu gajere ne, ba ya kaɗuwa. Masu kaɗin ulu na gaske su ne matan Fulanin Masina, can ƙasar Mali, inda masaƙa ke mayar da zarensu barguna masu kauri. Shi ya sa a wurinmu da an ce kaɗi sai hankali ya tafi ga auduga. Amma mu ma muna da zaren da halitta mai rai ta ba mu, shi ne tsamiya.

Tsutsa ce ke yin sa. Tsutsotsin sukan taru da yawa a jikin itacen tsamiya ko doka, su saƙa wa kansu gida ɗaya babba, kowace da ɗan ɗakinta a ciki. Masu shiga daji su ɓamɓaro shi su kai kasuwa, daga nan aiki ya koma hannun mata. Za a dafa shi cikin ruwan toka, a daɗe ana dafawa har danƙon ya saki, a wanke, a shanya, sannan a zauna a tsettsefe shi da hannu. Alharinin ƙasar Sin warware shi ake yi sili guda daga gidan tsutsa. Namu kuwa a cukurkuɗe yake, ba makawa sai an kaɗa.

Wanda ya taɓa ganin tsohuwa tana kaɗi ba ya mantawa. Tana zaune kan tabarma, ƙafafu a miƙe, alli a gefenta. Ta dangwali allin don kada yatsu su yi santsi, ta murza mazari, gululu ya ɗauki juyi, hannun hagu na tashi sama a hankali, zare na fitowa siriri har iyakar tsawon hannunta. Ta naɗe, ta sake. Duk wannan bai hana ta hira ko tsawata wa jikoki ba, domin yatsun sun riga sun san aikinsu. Kuɗin zaren kuma nata ne na kanta. Da shi mata da yawa suka tara wa 'ya'yansu kayan ɗaki ba tare da sun taka ƙofar gida ba.

Zaren tsamiya ba ya ƙyalli. Launinsa tsakanin fari ne da ruwan ƙasa, galibi ma ba a rina shi, ga ƙarfi ga ƙarko. Da shi maɗinka suke yi wa manyan riguna aiki, aska biyu ko aska takwas, rigar da sai sarakuna da manyan malamai da attajirai. Yarbawa ma sun san darajarsa, suna kiransa sanyan. Ko a 1851, lokacin da wani Bajamushe mai suna Barth ya iske alharini na shigowa Kano ta hamada daga Tarabulus, baƙon bai kori ɗan gida ba.

Zaren inji ne ya karya shi. Jirgin ƙasa ya fara jigila zuwa Kano a 1912, masaƙar Kaduna ta buɗe a 1957, zare mai arha ya cika kasuwa, dazuzzukan da tsutsar ke zama kuma aka yi ta sarewa. Abin da ya fi damuna shi ne, idan aka yabi tsohuwar riga, sarkin da ya sa ta ake ambata, wani lokaci da maɗinkin, amma ba a taɓa tambayar wace ce ta kaɗa zaren.

Har yanzu akwai tsofaffin da suka iya kaɗi a ƙauyukanmu, kuma ba su da yawa. Mai kaka a gida ya tambaye ta, ya nemo mata mazari da gululu, ya zaunar da 'yan mata kusa da ita su koya tun tana da rai da lafiya.